Makokin Yahudawa da Tunawa da Dangi a Zanen da ke Ba da Labari

Tambaya: Ni ɗaliba ce a sashen nazarin zane-zane. Na karanta cewa Yahudawa kan rufe madubi idan an yi musu rasuwa, kuma addininsu yana da tsanani a kan yin surar mutum. Amma kuma ina ganin masu zanensu na wannan zamani sun cika ayyukansu da fuskokin iyaye da kakanni da matan aure da suka riga mu gidan gaskiya. Yaya waɗannan abubuwa biyu suka haɗu? Zanen wani ɓangare ne na makokin, ko kuwa saɓa masa ne?

Amsa: Malama, zanen ba ya cikin makokin da addinin Yahudanci ya tsara, kuma babu malamin Yahudawa da zai ce wanda ya zana mahaifinsa ya sauke nauyin addu'ar da ke wuyansa. Sai dai idan kika bi manyan ayyukan da suka shafi wannan batu ɗaya bayan ɗaya, za ki tarar mafi yawansu sun fito ne daga inda tsarin makokin ya kasa cika: inda babu gawa balle kabari, inda ba a san ranar da mutum ya mutu ba, inda aka ɓoye wa yaro yadda mahaifiyarsa ta rasu, ko kuma inda wa'adin makoki ya ƙare alhali baƙin cikin yana nan daram. Don haka sai kin san tsarin da kyau kafin ki gane abin da zanen yake ƙoƙarin cikewa.

Makokin Yahudawa abu ne da aka auna da kwanaki, aka kasa shi mataki-mataki, kowane mataki ya fi wanda ya gabace shi sauƙi. Yana wajaba a kan wanda ya rasa ɗaya daga cikin dangi bakwai, wato uba, uwa, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko abokin aure. Ana gaggauta binnewa, ana yi wa mamaci wanka a sa masa farin likkafani marar ado, kuma wata ƙungiya ta musamman ce a kowace al'umma ke ɗaukar wannan ɗawainiya. Kafin a binne, mai makoki yakan keta rigar da ke jikinsa, ta hagu saitin zuciya idan uwa ce ko uba, ta dama idan sauran dangi ne. Daga maƙabarta sai a koma gida a fara zaman kwana bakwai da suke kira shiba. A cikinsa masu makoki suna zama a ƙasa ko a kan gajerun kujeru, ba sa zuwa aiki, ba sa aski, ba sa sa takalmin fata, ana barin kyandir yana ci dare da rana, kuma maƙwabta ne ke kawo abincin farko, wanda galibi akan sa dafaffen ƙwai a ciki. Ladabin mai zuwa ta'aziyya shi ne ya zauna shiru har sai mai makoki ya fara magana, kuma sun ɗauko wannan ne daga labarin abokan Ayuba da suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Bayan bakwai sai a shiga sassauci har zuwa kwana talatin, kuma a nan makokin kowa yake ƙarewa, in ban da na iyaye, wanda yake kai wa wata goma sha biyu.

Bahaushe ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin mu ma muna da zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ga kuma takabar wata huɗu da kwana goma. Amma akwai abubuwa biyu a nasu tsarin da ya kamata ki riƙe, saboda su ne za su yi ta dawowa a cikin zane-zanen. Na farko shi ne addu'ar da ake kira Kadish, wadda ɗa yake karanta wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa kullum har wata goma sha ɗaya. Tana cikin harshen Aramiya, babu ambaton mutuwa ko sunan mamaci a cikinta, ɗaukaka sunan Ubangiji ce daga farkonta har ƙarshenta, kuma ba a karanta ta sai an sami jama'ar mutum goma, maza a wajen masu riƙon gargajiya, maza da mata a wajen masu sassauci. Na biyu shi ne ranar zagayowar rasuwa, wadda Yahudawan Turai ke kira yarzait, inda ake kunna kyandir mai cin awa 24 kowace shekara bisa lissafin kalandar Ibrananci. Ma'ana, makokin yana bukatar jama'a, yana kuma bukatar sananniyar rana. Yana da iyaka kuma, domin Talmud, babban kundin fiƙihunsu, ya ware kwana uku ga kuka, bakwai ga jimami, talatin ga barin aski da ado, sa'annan ya gargaɗi mai wuce wannan da cewa bai fi Ubangiji tausayin mamacin ba.

Batun madubi da kika ambata al'ada ce da ta yaɗu daga baya. Abin da ke cikin Talmud shi ne kifar da gadaje a gidan makoki, kuma dalilin da aka kawo a can shi ne an halicci mutum bisa surar da Ubangiji ya ba shi, mutuwa ta kifar da wannan sura, saboda haka a kifar da gadajen. Malaman baya sun ƙara wasu dalilai ga rufe madubi, kamar hana mai makoki shagala da ado, da kuma cewa ba a yin addu'a ana fuskantar madubi, tunda a gidan ake taruwa don addu'o'in yau da kullum a wannan mako. Wato rufewar ta mako ɗaya ce, kuma fuskar rayayye aka rufe. A gidajen Yahudawa da yawa a yau, a daidai lokacin da madubin ke lulluɓe, kundin hotunan iyali yana yawo daga hannu zuwa hannu ana ba da labarin marigayi.

Haka nan haramcin sura bai kai faɗin yadda ake zato ba. Umarnin da ke cikin Littafin Fitowa na Attaura, sura ta 20, ya hana ƙera gumaka da yi musu sujada, kuma mafi yawan malamansu sun fi tsanantawa a kan cikakken mutum-mutumi mai jiki, suka sassauta a kan zanen da ke shimfiɗe a bango ko takarda. Hujjar tarihi ma tana nan: a shekarar 1932 masu tonon kayan tarihi sun gano wata majami'ar Yahudawa a Dura-Europos da ke Siriya, wadda aka ƙawata bangonta wajajen shekara ta 244 da zanen Musa da Haruna da sauran mutanen Attaura, labari bayan labari. Saboda haka ba da labari da fenti tsohon abu ne a wajensu. Abin da yake sabo shi ne mai zane ya ɗauki labarin gidansu ya sa a inda a da ake sa labarin annabawa.

Wannan ya fara bayyana sosai a ƙarni na 19. A shekarar 1878 Maurycy Gottlieb ya zana Yahudawa suna ibada a majami'a ranar azumin neman gafara, ya sa kansa a cikin taron fiye da sau ɗaya a shekarun rayuwa daban-daban, sa'annan a jikin rigar naɗaɗɗen littafin Attaura ya rubuta sadaukarwa don tunawa da marigayi, kuma sunan da ya rubuta nasa ne. Ya rasu a shekarar da ta biyo, yana da shekara 23, zanen kuma yana gidan adana zane-zane na Tel Abib. Marc Chagall shi ma tun a 1908 ya zana gawa kwance a kan titin garinsu Vitebsk, wanda a yau yake ƙasar Belarus, kyandirori kewaye da ita, wata mata ta ɗaga hannu tana kururuwa, wani mutum kuma yana kan rufin gida yana kaɗa goge. Da matarsa Bella ta rasu a Amurka a watan Satumba na 1944, ya yi watanni bai taɓa buroshi ba, da ya dawo kuma sai ya yanka wani tsohon zanensa gida biyu, ya mai da rabi guda zanen Bella tana kuka, shi kuma kansa a juye, garin Vitebsk yana tsakaninsu cikin wani ƙwallo mai haske. Waɗannan su ne magabata, kuma ba zan daɗe a kansu ba.

Aikin da nake ganin ya kamata ki fara da shi, ko da yake an yi shi tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne na Charlotte Salomon, domin masu zanen labarin iyali na yau da dama a kan hanyar da ta share suke tafiya. An haife ta a Barlin a 1917, mahaifinta likitan fiɗa ne, gidansu kuma ba masu riƙo da ibadar gargajiya ba ne. Mahaifiyarta ta rasu a 1926, aka gaya wa yarinyar cewa mura mai tsanani ce. Sai a 1940, tana gudun hijira a kudancin Faransa wajen kakanninta, a lokacin da kakarta ta kashe kanta, sa'annan kakanta ya fasa mata ƙwai: mahaifiyarta ma kashe kanta ta yi, haka ƙanwar mahaifiyar da aka sa mata sunanta, wadda ta faɗa tafki a 1913, haka wasu da dama a dangin. Tsakanin 1940 da 1942 ta yi zane fiye da 1,300 da fentin ruwa mai kauri, ta zaɓi 769 ta jera su a matsayin aiki guda, ta sa masa suna da tambayar ko rayuwa ce ko wasan kwaikwayo. Ta canza wa kowa suna, har da ita kanta, ta rubuta maganganunsu, da farko a kan takarda shara-shara da ake ɗorawa bisa zanen, daga baya a cikin fentin kansa, ta kuma nuna kiɗan da ya dace da wasu shafukan.

Abin lura shi ne inda ta fara. Ba ta fara da haihuwarta ba, ta fara ne da mutuwar waccan ƙanwar mahaifiya shekara huɗu kafin a haife ta. Yahudawan gabashin Turai da tsakiyarta suna da al'adar sa wa jariri sunan ɗan'uwan da ya rasu, yadda mu ma mukan mayar da sunan uba ko uwa, kuma Salomon ta nuna nauyin da ke cikin ɗaukar sunan wanda aka ɓoye maka yadda ya mutu. Akwai shafukan da uwa take kwance da 'yarta tana gaya mata cewa sama ta fi duniya daɗi, tana yi mata alkawarin idan ta zama mala'ika za ta aiko mata da wasiƙa, sa'annan bayan rasuwar aka nuna yarinyar tana tashi cikin dare tana duba bakin taga. A nawa karatun, wannan aiki ya yi abin da zaman makoki ke yi ne bayan shekara goma sha huɗu: ya tara dangi wuri guda, ya sa an faɗi gaskiyar yadda aka mutu. An kashe ta a Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, a watan Oktoba na 1943 tana da shekara 26, da juna biyu. Zanen ya tsira ne saboda ta ba wani likita ajiyarsa, kuma tun 1971 yana gidan tarihin Yahudawa da ke Amsterdam.

Kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kimanin miliyan 6 ya rushe kusan kowane sharaɗi na makokin da na bayyana. An ƙone gawarwaki ko an zuba su a ramuka, ba a san ranakun mutuwa ba, kuma a garuruwa da yawa ba a sami mutum goman da za su tsaya a karanta Kadish ba. Addinin ya nemi mafita ta kansa: hukumar manyan malamai ta Isra'ila ta ware ranar goma ga watan Tebet na kalandar Ibrananci ta zama ranar Kadish ga duk wanda ba a san ranar mutuwarsa ba, waɗanda suka tsira sun wallafa ɗaruruwan littattafan tunawa da garuruwansu da aka shafe, cibiyar Yad Vashem ta tunawa da waɗanda aka kashe, da aka kafa a 1953, kuma ta tattara sunaye kimanin miliyan 5. Dukansu sun dogara ne ga suna da rubutu. Mai zane shi ne ya tunkari fuska.

Samuel Bak ya fi kowa nacewa a kan wannan. An haife shi a 1933 a Vilna, wadda a yau ita ce Vilnius babban birnin Lituwaniya, kuma an baje kolin zanensa na farko yana da shekara 9 a cikin unguwar da aka killace Yahudawa. An kashe kakanninsa huɗu a dajin Ponari, inda aka harbe Yahudawa kimanin 70,000. Mahaifinsa ya fitar da shi daga sansanin aikin tilas a cikin buhun garin katako, sa'annan aka harbe mahaifin a watan Yuli na 1944, kwanaki kaɗan kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su shiga garin. Shi da mahaifiyarsa ne suka rage. A 1974 ya yi babban zanen da ya kira Iyali, wanda aka tsara shi kamar hoton da dangi ke tsayawa a jere a ɗauka ranar biki, sai dai fuskokin ba su cika ba: wata ta zama dutse mai tsaga, wata an naɗe ta da bandeji, wata an yanko ta daga katako, wata idanunta a rufe, can baya kuma bututun hayaƙi ne da jan sama. Ƙarfin zanen yana cikin gaskiyar da ya faɗa game da tunawa. Yaron da ya rabu da kakansa yana ƙarami bai riƙe fuskar duka ba, wani sashe ya riƙe, sauran kuwa daga bakin mahaifiyarsa ya ji, kuma Bak ya ƙi ya cike giɓin da ƙirƙira.

Daga baya ya yi jerin zane-zane masu yawa a kan sanannen hoton nan na 1943 na wani yaro Bayahude a Warsaw, babban birnin Poland, da ya ɗaga hannuwa a gaban bindigar sojan Jamus, ya kuma danganta yaron da abokinsa na ƙuruciya da aka kashe. Wani lokaci yaron na katako ne, wani lokaci na bulo, wani lokaci gurbinsa kawai aka yanke a jikin bango. A nan ina da ɗan saɓani da masu yabonsa ba ƙaƙƙautawa. Alamominsa, irin su allunan dokoki goma da suka farfashe da kyandirori da 'ya'yan darar Turawa, sun yawaita har a wasu ayyukan mai kallo yakan karanta su ya wuce ba tare da sun tsayar da shi ba. Inda ya fi tasiri shi ne inda akwai takamaiman mutum a bayan alamar.

R. B. Kitaj matsalarsa daban ce. An haife shi a jihar Ohayo ta Amurka a 1932, ya yi mafi yawan rayuwar aikinsa a Landan, bai taso cikin ibada ba, kuma sai da ya manyanta ya mai da Yahudanci babban jigon zanensa. Mijin mahaifiyarsa, wanda ya ɗauki sunansa, ɗan gudun hijira ne daga Biyana, babban birnin Austriya. A zanensa na 1983 zuwa 1984 a kan wani lungun masu sayar da tsofaffin littattafai a Landan, ya kwantar da kansa a gaba bisa kujera, 'yan gudun hijirar da ya sani suna wucewa a bayansa kamar 'yan wasa a dandali. A 1983 ya auri mai zane Sandra Fisher a majami'ar Bevis Marks, wadda aka buɗe tun 1701, ya kuma shafe 1989 zuwa 1993 yana zana wannan biki: ga rumfar aure, ga David Hockney abokin ango, ga Lucian Freud da Frank Auerbach da Leon Kossoff a gefe, dukansu masu zane ne. Shekara guda bayan ya gama, a 1994, gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan ya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa, masu sharhi a jaridun Ingila suka yi masa kaca-kaca, musamman saboda dogayen bayanan da ya rubuta a gefen zane-zanen, kuma a watan Satumba na wannan shekara Sandra ta rasu tana da shekara 47 sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa.

Ki tuna cewa makokin abokin aure kwana talatin ne. Kitaj ya yi shekara goma sha uku yana nasa. Da farko ya fito da fushi, ya ɗora alhakin mutuwar a kan masu sharhin, har a 1997 ya baje wani zane inda yake harbe wani dodo mai idanu da yawa da ke wakiltarsu. Wannan zargi ba shi da tushe a likitance, kuma zanen, a ganina, ihu ne fiye da zane. A wannan shekara ya bar Ingila ya koma Los Anjalas, inda ya yi jerin ayyukan da nake ɗauka su ne mafi kyawun abin da ya bari: shi tsoho mai gemu, ita a ƙuruciyarta, dukansu da fukafukai kamar mala'iku, suna rungume da juna, fentin siriri ne har farin ƙyallen yana leƙowa ta wurare da yawa. Ya kai ga yana siffanta Sandra da Shekina, wato kasancewar Ubangiji a tsakanin bayinsa, wadda sufayen Yahudawa ke ambata da siffar mace. Malamin gargajiya zai ce wannan wuce gona da iri ne, ta fuskar tsawon makokin da ta fuskar aƙida, kuma da gaskiyarsa a bisa ma'auninsa. A nan ne kaɗai zan yarda da kalmarki ta saɓawa. Kitaj ya rasu a 2007.

Abokansa da ke cikin zanen bikin suna koya mana taka-tsantsan. Lucian Freud, bayan mahaifinsa ya rasu a 1970 mahaifiyarsa ta shiga matsanancin ƙunci, sai daga 1972 ya riƙa ɗauko ta yana kawo ta ɗakin aikinsa tana zama yana zana ta, shekara da shekaru, kuma da ta rasu a 1989 ya zana fuskarta bayan rai ya fita. Mutum zai iya cewa wannan zama da mai makoki ne, amma Freud ba mai ibada ba ne, kuma bai kamata a sa masa niyyar da bai furta ba. Auerbach kuwa an turo shi Ingila daga Barlin a 1939 yana yaro, aka kashe iyayensa a Auschwitz, ya rayu har 2024 yana zana mutane ƙalilan da unguwa ɗaya a arewacin Landan, yana kankare fentin jiya ya sake sabo yau. Masu sharhi da yawa sun so su karanta maraicinsa a cikin wannan kankarewa, shi kuwa bai ba su ƙofa ba. Idan za ki rubuta a kan mai zane Bayahude, kada ki ɗauka kowane duhu a zanensa makoki ne, kada kuma ki mai da kowane makoki na kisan ƙare-dangi.

Waɗanda aka haifa nesa da wannan bala'i ko bayansa suna da wata matsalar: suna jimamin mutanen da ba su taɓa gani ba sai a hoto. Farfesa Marianne Hirsch ta jami'ar Kolombiya da ke New York ce ta fi shahara wajen nazarin wannan hali, inda 'ya'ya ke gadon tunanin iyayensu ta labari da hoto har ya zame musu kamar nasu. Shi ya sa hoton kyamara ya zama babban abin aiki a zanen wannan zamani. Audrey Flack, haifaffiyar New York, ta yi wani zane a 1976 zuwa 1977 inda ta kwafi hoton da Margaret Bourke-White ta ɗauka na fursunonin sansanin 'yan Nazi na Buchenwald a bayan waya, baƙi da fari, ta jera a gabansa kayan zaƙi masu sheƙi da lu'ulu'u da agogo da kyandir mai ci. An soke ta da cewa ta haɗa yunwa da kwaɗayi a faifai guda, amma ni ina ganin matsayinta ta bayyana ba ɓoye-ɓoye: ga wadda ta taso cikin wadatar Amurka, ga waɗanda take kallo ta cikin hoto, kuma ba ta yi kamar tana tare da su a can ba.

Akwai kuma mutuwar yau da kullum, ta tsufa da ciwo. Kossoff ya yi ta zana iyayensa tsofaffi suna zaune gefe da gefe, fenti mai kauri kamar yaɓen laka. Maira Kalman, wadda aka haifa a Tel Abib a 1949, bayan mahaifiyarta Sara Berman ta rasu a 2004 ta adana kayan ɗakin tufafinta, waɗanda duk farare ne a goge a ninke, domin a ƙarshen rayuwarta fari kaɗai take sawa. Ita da ɗanta sun sake gina ɗakin, aka nuna shi a gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York a 2017, ta kuma zana tarihin matar tun daga ƙauyensu a Belarus. Babu kyandir ko rigar addu'a a wurin, amma duk wanda ya taɓa buɗe akwatin mamaci don rabon kaya ya san abin da yake kallo. Ki lura kuma cewa kusan duk misalan nan na Yahudawan da asalinsu Turai ne. Na Maroko da Iraƙi da Yaman suna da nasu al'adun, kuma da yawa daga cikin zuriyar Yahudawan Andalus sukan sa wa jariri sunan kakan da ke raye, abin da Yahudawan gabashin Turai ke gudu.

Idan kina neman inda addinin da sura suke karo da gaske a batun mutuwa, ki duba maƙabarta. Malaman gargajiya da yawa sun hana sa surar mamaci a jikin dutsen kabari, saboda mutane na tsayawa a gabansa su yi addu'a, kuma hakan na iya kama da yi wa surar ruku'u. Abin da aka saba shi ne suna da sunan uba da ranar rasuwa, mai ziyara kuma ya ɗora ƙaramin dutse ya tafi. Yahudawan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, waɗanda suka yi shekaru da dama a ƙarƙashin gwamnatin da ta danne ibada, sun saba da sassaƙa fuskar marigayi a kan baƙin dutse, kuma sun tafi da wannan al'ada duk inda suka yi ƙaura, har ta zama abin muhawara tsakaninsu da hukumomin maƙabartu masu riƙon gargajiya. Zanen da ke rataye a falo ko a gidan baje koli bai shiga wannan hani ba a wajen mafi yawan malamansu, tunda ba a gabansa ake tsayawa addu'a ba.